Magini Baƙo Da Ya Zama Ɗan Majalisa

Jawabin da aka karanta wa ɗaliban ajin manya na yaƙi da jahilci a ranar raba takardun shaida



Ranka ya daɗe hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu na azuzuwan yaƙi da jahilci, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi magana a kan sana'a da karatu. Na duba wannan taro na ga magina, na ga maƙera, na ga kafintoci da teloli da masu saƙa. Na kuma san akwai waɗanda cin rani ya kai su Legas ko Kurmi suka ɗanɗana zaman baƙunci. Don haka zan ba ku labarin wani magini da ya bar ƙasarsu ya tafi neman abinci wata ƙasa mai nisa, har mutanen can suka zaɓe shi ya wakilce su a majalisar dokoki. Sunansa Alekzanda Makenzi. Labarin gaskiya ne, yana rubuce a tarihin ƙasar Kanada.

An haife shi ran 28 ga Janairu, 1822, a wani ƙauye mai suna Lojiret a ƙasar Sikotilan, wadda ke arewa da Ingila. Ƙasa ce ta duwatsu da tsananin sanyi. Ubansa kafinta ne, kuma talaka. 'Ya'yansa goma ne, duk maza, amma bakwai ne suka rayu. Alekzanda shi ne na uku. Iyalin ba su zauna wuri ɗaya ba, inda duk uban ya ji labarin aiki can za su kwashe su koma. Saboda haka karatun yaron ya zama yau a wannan makaranta, gobe a waccan. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ke nan har abada. A shekarar 1836 uban ya rasu, ya bar uwa da tarin yara, sai kowa ya kama abin da zai kawo abinci gida.

Da ya kai shekara 16 aka sa shi koyon sassaƙar dutse da gini. Magina da ke nan za su fahimci wannan sana'a. A can ƙasar ba da tubali ko bulo ake manyan gine-gine ba a wancan zamani, da dutse ake yi. Sai an faso dutsen, a sassaƙe shi da guduma da ƙarfe, a daidaita fuskokinsa har ya zauna a kan ɗan'uwansa ba tangarɗa. Yaro yakan yi shekaru a hannun maigidansa kafin a yarda ya iya. Kafin Makenzi ya cika shekara 20 ya gama koyo, ya zama magini mai cin gashin kansa.

Amma bai ajiye littafi don ya ɗauki guduma ba. Da rana yana wajen aiki, da dare yana karatu. Ya karanta tarihi, ya karanta kimiyya, ya karanta littattafan siyasa da na yadda ake tafiyar da mulki. Babu malami a kansa, babu jarrabawa, babu takardar shaida irin wadda za a miƙa muku yau. Ta wannan wajen kun fi shi gata.

Tafiya Kanada

Neman aiki ya kai shi garin Arbin, a bakin teku. A can ya saba da gidan wasu mutane da ake kira Nil, ya kuma ga 'yarsu Helen yana so. A shekarar 1842 mutanen gidan suka yi shirin ƙaura zuwa Kanada, shi ma ya bi su. Kanada tana arewa da Amurka, sai an haye Tekun Atilantika, kuma a lokacin tana ƙarƙashin Sarauniyar Ingila. Sun yi kusan wata guda a cikin jirgin ruwa kafin su sauka Montiriyal. Daga nan suka wuce garin Kingistin, inda ake ta gine-gine.

Tun ranar farko baƙunci ya nuna masa hali. Dutsen Kingistin ya fi na garinsu tauri nesa ba kusa ba. Ƙarafan da ya ɗauko tun daga gida suka kasa cinsa, kuma ba shi da kuɗin sayen wasu. Ga gwani, ga aiki, babu kayan aiki. Sai ya haƙura ya shiga aikin ginin wani gida a hannun wani ɗan kwangila.

Ku saurari abin da ya same shi a nan da kyau. Ya yi wata da watanni yana aiki. Da lokacin biya ya zo, ɗan kwangilar ya ce hannunsa ba kuɗi, amma ga takardar alkawari, in an jima a zo a karɓa. Makenzi ya karɓi takarda. Daga baya ta tabbata takardar banza ce, ko sisi ba ta kawo masa ba. Guminsa na wannan shekara ya tafi a iska.

Sau da yawa mukan ce muku wanda ya iya karatu ba a cutarsa da takarda. Gaskiya ne ba za a ba shi rasiti na naira ɗari biyu a ce masa na dubu biyu ne ba. To amma ga mutum ya iya karatu sarai, ya karanta takardar, babu kuskure a rubutunta, duk da haka aka cuce shi. Abin da bai bincika ba shi ne wanda ya sa hannu a takardar: yana da abin biya? Ya saba cika alkawari? Wa zai tsaya masa? Ku masu aikin hannu, in za ku karɓi aiki, a rubuta nawa ne, a rubuta ranar biya, a sa shaidu su sa hannu, kuma a riƙa biya kashi-kashi yadda aiki ke tafiya. Kada ku bari ladan wata biyar ya taru a aljihun mutum guda.

Makenzi bai koma gida ba. Ya ci gaba da neman aiki har ya samu kwangilar wani gini a sansanin soja na Fot Henri, nan Kingistin. Aikin ya yi kyau, sunansa ya fara fita. Aka sa shi helima, wato shugaban ma'aikata, a ginin hasumiyoyin tsaro na dutse da aka yi a bakin ruwan garin. Ya kuma yi aiki a manyan hanyoyin ruwa da aka haƙa don jirage su riƙa wucewa, irin su ta Welan da ta Lashin. A wajen irin wannan aiki ne wani dutse mai nauyin tan guda ya faɗo masa a ƙafa. Ya warke, amma ƙafar ba ta sake komawa da ƙarfinta ba.

Akwai wani ɗan labari da samari za su so. A wani lokacin sanyi yana fasa dutse a wani tsibiri da ke tsallaken ruwa, ita kuwa Helen tana cikin gari. A ƙasar, in sanyi ya tsananta, ruwan kogi daskarewa yake yi ya zama ƙanƙara har mutum ya taka ya wuce. Duk daren Asabar sai ya tako ƙanƙara ya zo zance. Ran nan ƙanƙara ta fashe da shi ya afka ruwa, da kyar ya fita. Bai fasa zuwa ba, sai dai daga ranar ya riƙa tafiya da doguwar sanda, in ya sake rufta ya samu abin dogarawa. An ɗaura musu aure a 1845.

A 1847 suka koma wani ƙaramin gari mai suna Sarniya (ku lura da harafin "r", ba saniya na ce ba). Uwarsa da 'yan'uwansa ma suka taso daga Sikotilan suka same shi. A nan ya zama ɗan kwangila mai kansa. Ya gina coci, ya gina banki, ya gina kotu da gidan yari a garuruwan yankin. Sai dai gidansa bai tsira daga jarrabawa ba. Cikin 'ya'ya uku da suka haifa, mace ɗaya ce ta rayu, sunanta Meri. Helen kanta ta rasu a 1852. A shekarar da ta biyo ya auri wata mai suna Jen Sim.

Me ya kai magini siyasa?

Abin da ya ja shi abubuwa ne da suka shafi talakan ƙauye kai tsaye. Na farko ƙasar noma. Tun 1791 aka yi doka cewa kashi ɗaya cikin bakwai na filayen yankin a ware shi don limaman coci, kuma ɗarikar da gwamnati ta fi kusa da ita ce ke kwashe mafi yawan amfanin. Manomi na neman gona, ga fili a kwance an ce ba mai taɓawa. Makenzi Kirista ne mai riƙo da addininsa ƙwarai, ba ya shan giya, amma ya ce bai kamata gwamnati ta fifita wata ɗarika da dukiyar jama'a ba. An soke wannan tsari a 1854.

Na biyu rabon kujeru. A lokacin an haɗa yankuna biyu a majalisa guda: na yamma, inda masu jin Ingilishi suka fi yawa, da na gabas, inda masu jin Faransanci suka fi yawa. Kowane yanki kujerunsa daidai da na ɗayan. Amma ƙidayar da aka yi a farkon shekarun 1850 ta nuna mutanen yamma sun zarce. Jam'iyyar masu neman gyara, wadda Makenzi ya shiga, ta ce a raba kujeru bisa yawan jama'a.

Bai fara da neman kujera ba. A 1851 sakataren jam'iyya ne kawai a gundumar Lamtan, wato mai rubuta wasiƙu da ajiye sunayen mutane da kiran taro. Wannan aiki ba a ba wanda bai iya alƙalami ba, kome bakinsa. Ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye yana nema wa wani ɗan ƙasarsu ƙuri'a, mai suna Joj Biraun, wanda ke da wata babbar jarida a Toronto, har ya ci. A 1852 aka kafa wata ƙaramar jarida a Sarniya, Makenzi ya zama editanta. Ga mutumin da ya bar makaranta yana shekara 13, yanzu shi ke rubuta abin da mutanen gunduma ke karantawa.

Alƙalaminsa kuwa kaifi gare shi, har ya wuce gona da iri. A 1854 wani babban ɗan siyasa ya kai shi kotu a kan ɓata suna. Kotu ta ba mutumin gaskiya. Tara da kuɗin shari'a suka durƙusar da jaridar, aka rufe ta. Magana in ta fita a baki takan bi iska, amma wadda aka buga a takarda tana nan ana iya ɗaukarta a kai gaban alƙali. Wanda ya koyi rubutu ya san da wannan.

A majalisa

Wansa mai suna Hop ya riga shi shiga majalisa da kujerar Lamtan. A zaɓen 1861 wan ya ce ba zai sake tsayawa ba, jam'iyya ta tsai da Alekzanda, ya kuwa ci. Shekarunsa 39 a lokacin, shekara 19 ke nan da saukarsa ƙasar. Majalisar cike take da lauyoyi da attajirai da 'ya'yan manya. Shi kuwa ga hannu duk kanta, ga harshen ƙauyen Sikotilan da bai bar bakinsa ba. Abin da ya tsai da shi a cikinsu, kafin ya miƙe ya yi magana sai ya karanta takardun al'amarin tun daga farko har ƙarshe. In ana maganar kuɗin gina gada ko haƙa hanyar ruwa kuwa, ba wanda zai yi masa rufa-rufa, don ya san farashin dutse da ladan lebura.

A 1867 aka haɗa jihohi huɗu aka yi tarayyar Kanada. Yankinsu na yamma ya zama jihar Ontariyo, mai majalisarta da Firimiyanta, kamar yadda Jihar Arewa ta kasance a zamanin Sardauna. Mutanen Lamtan suka tura Makenzi majalisar tarayya a Otawa. A lokacin doka ta yarda mutum ya riƙe kujera biyu, ɗaya a tarayya ɗaya a jiha. Saboda haka a 1871 ya tsaya takarar majalisar jihar Ontariyo a mazaɓar Midilses ta Yamma, ya ci. A ƙarshen wannan shekara jam'iyyarsu ta karɓi mulkin jihar, Edwad Bilek ya zama Firimiya, aka ba Makenzi ma'ajin jiha. Mutumin da aka taɓa biya da takardar banza, shi aka damƙa wa baitulmali. A 1872 aka yi dokar hana riƙe kujera biyu, sai ya sauka daga ta jiha ya riƙe ta tarayya.

A nan gida, tsarin mulkinmu na 1999 ya ce mai neman kujerar majalisar jiha sai yana da ilimin sakandare ko makamancinsa. Takardar da za ku karɓa yau ba ta kai nan ba tukuna, amma daga ita ake shiga aji na gaba.

Abin bai tsaya a nan ba. A 1873 asirin gwamnatin tarayya ya tonu. Ta bayyana cewa jam'iyyar Firayim Minista Jon Makdonal ta karɓi kuɗi masu yawa, sama da dala dubu 300, daga wani attajirin jiragen ruwa mai suna Hiyu Alan don yin kamfe, shi kuma yana sa ran a ba shi kwangilar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa gaɓar yamma. Gwamnati ta sauka. Ran 7 ga Nuwamba, 1873, Makenzi ya zama Firayim Minista na biyu a tarihin Kanada. Ya kira zaɓe a farkon 1874, ya ci da babban rinjaye.

Cikin ayyukansa, wanda na fi so ku riƙe shi ne ƙuri'ar asiri. Kafin 1874, mai zaɓe a Kanada fitowa yake a bainar jama'a ya faɗi sunan wanda yake so da babbar murya, a rubuta. Maigidan da yake yi wa aiki yana ji, wanda yake binsa bashi yana ji, 'yan banga da kulake suna tsaye. Wanda ya raba giya da kuɗi kuma yana nan yana duba ko an cika masa alkawari. Ba a ma yin zaɓen rana ɗaya. Gwamnati kan fara da mazaɓun da ta san za ta ci, don sauran su ga inda iska ta kaɗa. Manyanmu da suka ga zaɓen layi a farkon shekarun 1990, lokacin Janar Babangida, da ake jeruwa a ƙirga mutane kowa na ganin kowa, sun san nauyin da ke cikin irin wannan. Dokar 1874 ta ce a ba mutum takarda ya shiga shi kaɗai ya yi alama, kuma a yi zaɓe rana guda a mafi yawan ƙasar. Amma fa mata ba su da ƙuri'a a lokacin, maza ma sai masu ɗan abin hannu.

A zamaninsa aka kafa Kotun Ƙoli ta Kanada a 1875. A 1876 aka buɗe makarantar horar da hafsoshin soja a Kingistin, dab da ɗaya daga cikin hasumiyoyin da ya yi aikinsu yana saurayi. A 1878 aka kafa ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati, wanda ba ya ƙarƙashin minista. A shekarar kuma aka yi dokar da ta ba kowace gunduma damar yin ƙuri'a ta hana sayar da giya a cikinta.

Ma'aikatar ayyuka, wadda ke raba kwangila, bai ba kowa ba, shi ya riƙe da kansa don tsoron kada a ci dukiyar jama'a. Masu neman alfarma suka yi ta cika masa ƙofar ofis, har ya sa aka gina masa wata matakala ta baya da zai riƙa sulalewa ba su gan shi ba. A ganina nan ya yi kuskure. Shugaban gwamnati ya zauna yana duba takardun kwangila ɗaya bayan ɗaya har dare, jam'iyya ba mai kula da ita, lafiyarsa kuma ta tafi. Helima nagari yakan raba aiki, ba ya ɗaukar kowane dutse da kansa.

Akwai kuma abin da ba za a ɓoye ba. Ƙasar da ya je ya samu arziki da daraja tana da masu ita tun kafin zuwan Turawa, waɗanda aka riƙa kira Indiyawan daji. A 1876 gwamnatinsa ta yi wata doka da ta mai da su kamar yaran da gwamnati ke riƙo. Gwamnati ce ke faɗin wane ne ɗan ƙabila, ita ke iko da filayen da aka keɓe musu, kuma macen da ta auri wanda ba nasu ba ta rasa matsayinta. An yi wa dokar gyare-gyare da yawa, amma har yau ba a soke ta ba, kuma jikokinsu suna kuka da ita. Baƙo ya samu ƙuri'a da kujera, 'yan gida kuwa ba su samu cikakkiyar ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1960.

Mulkinsa ya zo daidai da lokacin karayar ciniki a duniya. Masana'antu suka riƙa rufewa, mutane suka rasa aiki. Makdonal ya yi alkawarin sa haraji mai nauyi a kan kayan waje don a kare na gida. Makenzi ya ƙi, ya ce wannan zai tsauwala wa manomi farashi. A watan Satumba 1878 aka yi babban zaɓe na farko da ƙuri'ar asirin da shi ya kawo, kuma a wannan zaɓe ne jama'a suka kayar da gwamnatinsa. Ya sauka ba gardama.

Sau uku aka yi masa tayin lambar girma ta Sarauniya, wadda ke sa a kira mutum "Sa", irin wadda daga baya aka ba Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sau uku yana cewa a bar shi yadda yake. A 1880 ya bar shugabancin jam'iyya. Ciwo ya kama shi har muryarsa ta dushe, amma masu zaɓe suka ci gaba da mai da shi majalisa har ƙarshen ransa. Ya rasu a Toronto ran 17 ga Afrilu, 1892, yana da shekara 70, aka kai shi Sarniya aka binne.

Kotun da ya gina a 1855 a garin da yanzu ya shige cikin birnin Winza tana nan tsaye, an mai da ita zauren taron jama'a, ana kiranta da sunansa. Hasumiyoyin Kingistin ma suna nan, kuma tun 2007 suna cikin wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta amince da su.

Ranka ya daɗe, a nan zan dakata don a shiga rabon takardu.